Ranar da Wuta ta Kama Baba a Filin Lilo

Gas ɗin maƙwabciyata ya ƙare da safen nan, ta ɗauko tsohon risho ta kunna. Warin kananzir ya biyo ta tagar kicin ya same ni ina wanke shinkafa. Na daɗe a tsaye, hannuna cikin ruwa. A wurin mutane da yawa wannan warin girki ne ko na fitila. A wurina warin bakin mahaifina ne a watan Disamba.

Baba mai walda ne a unguwar Laranto, cikin Jos. Shekara gaba ɗaya yana durƙushe gaban ƙofofi da tagogin mutane, da baƙin tabarau a ido. Amma idan Kirsimeti ta zo, ko Sallah, sai ya ajiye tabarau ya zama mai wasan wuta a wani filin lilo da ke bayan gari. Filin na wani attajiri ne da kowa ke ce wa Oga. Akwai lilo mai juyawa da dawakan katako, akwai ƙaramin jirgin ƙasa da ke zagaye wani dutse, sai dandamalin katako a tsakiya inda ake yin wasanni. Baba ne ya yi waldar lilon, ta haka ya shiga wurin.

Abokin wasansa mai kalangu ne daga Farin Gada, wanda ke lodin tumatir a manyan motoci sauran watannin shekara. Shi Musulmi ne, mu Kirista, ba mu haɗa jini ba, amma Kawu muke kiransa. Tun farkon Disamba yake zuwa tsakar gidanmu a Anguwan Rukuba su yi gwaji. Da ruwa suke gwadawa. Baba ya guntsi ruwa ya fesa sama daidai lokacin da kalangu ya tsaya, mu yara muna gudu a ƙarƙashin feshin cikin sanyin Jos, haƙoranmu na karo muna dariya. Idan kiɗa da feshi suka saɓa ko da kaɗan ne, sai a sake daga farko. Baba yakan ce mutum ya yi wanka, ya sa sabbin kaya, ya ɗauko 'ya'yansa ya zo kallonka, ba ka da hakkin ba shi abin da bai nuna ba.

Kaka, mahaifiyar Baba, ba ta taɓa son wasan ba. Tana suyar dankalin turawa da ƙosai a cikin filin, kusa da ƙofa, kuma da zarar ta ji kalangun Kawu sai ta juya wa dandamali baya. Takan ce ita ba ta haifi ɗa don a babbake shi kamar kan akuya ba. Duk da haka ita ke ajiye masa madara a gwangwani, ya kurkure baki ya sha idan ya sauko.

A shekarar da nake ba ka labari, Oga ya lilliƙa hotuna a bangon tashoshi da bakin kasuwanni. Wani mai rufa-ido zai zo daga Legas, zai yanka mace gida biyu da zarto ya haɗa ta. Wani kuma zai yi kokawa da mesa. Aka ƙara kuɗin shiga. Washegarin Kirsimeti filin ya cika irin cikar da ban taɓa gani ba: iyalai daga coci da ankonsu, samarin tasha, 'yan lodi, ɗalibai, mata da goyo. Ina 'yar firamare a lokacin, ina sanye da sabuwar riga mai tattara da tabarau na roba, ina zaune a kan benci kusa da kaskon Kaka.

Baba da Kawu suka buɗe fage, aka tafa musu, suka sauka. Sai jira. Rana ta yi tsaka, janareta ya mutu, lilo ya tsaya da yara a kai. Aka tayar, ya sake mutuwa. Yara suka fara kuka, maza suka fara buga benci. Can Oga ya hau dandamali da lasifika a hannu, ya ce motar mutanen Legas ta lalace a hanya amma suna gab da isowa, kafin nan ga wani abu na musamman.

Abin na musamman tsohon maigadin filin ne. Duk mun san shi, shi ke korar mu idan mun hau katanga. An sa masa jar rigar Fada Kirsimeti wadda asu ya ci, an liƙa masa gemun auduga, an rataya masa macijin roba a wuya, aka ce ya yi kokawa da shi. Tsohon ya kwanta ya birgima, gemun ya fita gefe guda, macijin ya karye a tsakiya. Da farko an yi dariya. Daga baya dariyar ta canza, ban san yadda zan kwatanta maka ba, kamar ta yi kauri. Wani ya wurga ledar ruwa. Wani ya wurga ɓawon lemo. Sai dutse na farko ya daki kwanon rufin dandamali, ƙarar ta ratsa filin.

Na ga Oga ya kama hannun Baba a bayan dandamali yana roƙo. Baba yana girgiza kai yana nuna sama, don iska ta taso, kuma ba ya wasa cikin iska. Kaka ta ƙwala masa kira da yarenmu ta ce kada ya hau. Ya dubi tsohon maigadi da ke tsugune a dandamali ya rufe kai da hannuwa, sannan ya ɗauki sandunansa na wasan wuta. Kawu ya gyara ratayar kalangu ya bi shi.

Kuma wallahi sun kusa kwantar da taron. Baba ya juya sanduna masu wuta har suka zama zobe, ya goga ɗaya a damtsensa, ya kashe ɗaya a baki. Jifa ta tsaya. Yaran da ke kuka suka yi shiru. Ya ɗaga kwalbarsa ya cika baki da kananzir, ya ɗaga kai, kalangu na hawa, na hawa.

Kwalbar giya ce ta zo daga baya, ta same shi a kunci.

Kananzir ɗin bai tashi sama ba. Ya zubo masa a haɓa da wuya da ƙirji, sandar kuma tana gaban bakinsa. Na ji wani sauti kamar an kaɗa babban zane, sai na ga kan Baba ya ɓace cikin wuta. Bai yi ihu ba, ba shi da bakin yi. Ya riƙa juyi a dandamali yana dukan fuskarsa. Kawu ya yar da kalangu ya rungume shi suka faɗi tare, ya tuɓe rigarsa ya danna masa a fuska, da rigar ta kama sai ya ci gaba da tafukan hannunsa. Warin gashi da nama ya iso har wurin kaskonmu.

Da na ɗauka ganin haka zai sa mutane su dawo hayyacinsu. Bai sa ba. Masu yara suka ruga ƙofa, ƙofar kuwa ƙarama ce, aka tattake wata mata da goyonta a bakin ƙofar. Samari suka yi cikin filin. Suka ɓalle dawakan katako daga lilo suna dukan juna da su, suka kifar da jirgin ƙasa, suka cinna wa rumfar tikiti wuta. Suna neman Oga, Oga kuwa ya riga ya haura katanga. Da ba su same shi ba sai suka sami mai jar riga.

Tsohon ya yi ƙoƙarin gudu, rigar ta harɗe shi, ya faɗi gab da teburin Kaka. Suka rufar masa da ƙafa da katako. Ina ƙarƙashin tebur, Kaka ce ta tura ni, fuskarsa na kusa da tawa. Jini na fita ta kunnensa yana jiƙa audugar. Wani ƙato mai singileti ya ɗauko ɗaya daga duwatsun murhunmu da hannu biyu ya ɗaga.

Kaka ba doguwa ba ce, kuma a lokacin ta fara ranƙwafawa. Ta naɗe hannuwanta da tsumma, ta ɗaga kaskon man da ke tafasa daga wuta, ta tsaya a kan tsohon, ƙafa ɗaya a kowane gefe nasa.

"Ajiye dutsen, ɗana," ta ce. Muryarta ba ta ko ɗaga ba.

Ya ce, "Mama, matsa."

Ta karkata kaskon ta zuba masa a ƙafafu. Ya saki dutsen ya faɗi yana kururuwa, silifas ɗinsa na narkewa a fata. Sauran suka ja baya. Ta juya da ragowar man tana duban su ɗaya bayan ɗaya, ta ce akwai saura, wanda ke so ya matso. Babu wanda ya matso. Haka ta tsaya har muka ji jiniya, barkonon tsohuwa ya cika filin, kowa ya watse yana tari.

Abokan lodin Kawu ne suka kawo a-kori-kura suka kwashe su zuwa asibiti: Baba, Kawu, tsohon maigadi, da ƙaton da Kaka ta ƙona, wanda ita ce ta ce a sa shi. Na zauna a bayan motar cikin warin ruɓaɓɓen tumatir, ta rufe mini ido da gefen zaninta, amma ina jin numfashin Baba kamar ana jan zarto.

Baba ya yi watanni a kwance. Ya fito da fatar haɓa da wuya a tattare, leɓensa na ƙasa ya ja gefe, muryarsa ta dishe har yau. Yatsun Kawu na dama suka manne, bai sake riƙe makaɗi ba, lodi ma sai da dabara. Maigadi ya rayu amma kunne ɗaya ya mutu. Jaririn matar da aka tattake bai kai asibiti ba. Oga bai leƙo kowa ba, ya sayar da filin ya bar gari. Kaka kuwa har ta rasu ba ta taɓa ce wa Baba ai na faɗa maka ba. Abin da ya fi damunta shi ne ƙaton nan, kullum tana sa shi a addu'ar safe, amma da na tambaye ta ko ta yi nadama sai ta ce a'a.

Yanzu wuraren wasan yara sun yawaita a Jos, masu fenti da ciyawar roba da masu gadi a ƙofa suna laluben jaka. Idan biki ya zo sai a ɗauko samari a sa musu kayan dabbobin katun, a saki waƙa a lasifika, su yi ta tsalle ba tare da bin kiɗan ba. Babu makaɗi, babu wanda ya yi wata guda yana gwaji. Iyaye na riƙe da waya suna ɗauka, rabinsu ba sa ma duban dandamalin da idonsu. Idan abin bai yi daɗi ba sai a yi tsaki a je a sayi askirim.

Kirsimetin bara na matsa wa Baba ya raka ni da 'ya'yana. Ya zaɓi kujerar da ta fi kusa da ƙofa, ya kalli wasan daga farko har ƙarshe. A keke mai ƙafa uku muna dawowa na tambaye shi yadda ya gani. Ya ce ba wasa ba ne, ko kusa, da a zamaninsu ne da kunya ta hana su karɓar ko ruwan sha. Ƙaramar 'yata na barci a cinyarsa. Muna gab da shiga layinmu ya ce, "Amma kin ga kowa ya koma gida da fuskarsa."