Tanti Huefa, Mai Yaƙi da Kwalbar Manja

Kafin masu koko su sauke tukunya a unguwar Akpakpa ta birnin Kwatano, Tanti Huefa ta riga ta buɗe ƙofar asibitin dabbobin da ke bayan kasuwar kifi. Ba ta zama. Keji-keji take bi, ta ɗaga leɓen wannan kare ta duba dasashinsa, ta latsa cikin waccan kyanwa, ta sunkuya ta shinshina inda ɗan kwikwiyo ya kwana, domin tun daga wari take gane gudawar da ke kisa. Mataimakiyar likita ce, kuma ko da wasa ba ta yarda a ƙara mata muƙami. Sai dai likitan yakan wuni a gonakin kaji na bayan Kwatano, saboda haka duk wanda ya shigo a guje da dabba a hannu, ita yake fara tararwa. Har gobe, waya na ƙara gabanta ke faɗuwa, kamar jiya ta fara aikin.

Ƙarshen watan nan za ta yi ritaya, kuma maganar gaskiya hankalin unguwa bai kwanta ba.

Masu bandar kifi ba su manta da ranar nan ba, ranar da ta tsaya cak a tsakiyar kasuwa tana kallon wani muzuru yana ta yunƙuri a cikin yashi, mutane na yi masa dariya wai ya ci abin da ya fi ƙarfinsa. Ta ce fitsari ne ya toshe masa, kuma ba zai kai gobe ba. Ta ɗauke shi a zaninta, yana yagar mata hannu, ta tafi da shi. Yana nan da ransa, yana ci gaba da satar kifinsu. Sun kuma ga ranar da ta sha kaye: kyanwar wata mai ɗinki da aka ba ƙwayar ciwon kai ta mutane ta mutu a cinyarta. Ta share hawaye, ta bi shago-shago tana roƙo kada a sake ba kyanwa maganin mutum.

Amma babban yaƙinta da manja ne. A nan, duk abin da guba ta kama, yaro ne ko akuya, manja ake fara ɗura masa, haka aka taso aka gani. Ita kuwa bakinta ya gaji da faɗin cewa dabbar da ke karkarwa ba ta iya haɗiya, man sai ya bi ta huhu. Wanda duk ya zo mata da kare baki ja-wur, yakan sha faɗan da zai kwana yana ji.

A daminar da ta wuce, wata hantsi da ruwa ya shanye layukan unguwar, Fofo Kokuvi ɗan acaɓa ya kutso har bakin ƙofa yana ihu.

"Tanti! Fito, Kaporal zai tafi!"

A bayansa Papa Dansu ne, tsohon masunci da yanar ido ta makantar, rungume da karensa Kaporal. Karen ne ke jan shi da igiya zuwa bakin tafki wurin abokansa masu gyaran komar kamun kifi, shi ke kai shi coci ya dawo da shi. In babu karen nan, tsohon ya koma zaman ɗaki ke nan har ƙarshen ransa, kuma kowa ya san haka. Ga shi yanzu yana kumfa, jiki na ɓari, ƙwayar idonsa ta tsuke kamar kan allura.

"Me ya ci?" in ji Tanti Huefa, tana zura safar hannu.

Sena, 'yar tsohon, ta diro daga wani babur tana kuka. "Ba ci ya yi ba, Tanti. Kaska ce ta cika masa kunne, na yi masa wanka da maganin feshin tumatir. Ɗan mitsitsi na zuba, na rantse."

Tanti Huefa ta maƙale waya a kafaɗa ta kira likita. Ya faɗi allurar da za a yi, ta yi. Ta jawo karen ƙarƙashin famfo da sabulu, domin gubar na nan a gashinsa tana ci gaba da shiga jiki.

"Kokuvi, sa safar nan ka riƙe masa kai."

"Ni fa ɗan acaɓa ne, Tanti!"

"Yau ka sami ƙarin girma. Riƙe, kada ruwa ya shiga hancinsa."

Kumfar ta fara raguwa. Amma da ta ɗora abin saurare a ƙirjinsa, sai ta ji wani gurgur da ba na gubar ba ne kaɗai. Ta ɗago ta dube su.

"An ba shi manja?"

"Haba Tanti," in ji Kokuvi, yana kallon rufi, "wa ya isa? Duk Akpakpa an san halinki."

"Ba a ba shi ba," in ji Sena da sauri.

Tanti Huefa ta dubi tsohon. Tafukan Papa Dansu ja-wur suke, gaban rigarsa ma haka, kuma shi kaɗai ne a ɗakin bai sani ba. Ta jira. Sai tsohon ya yi magana.

"Ni ne, 'yata. Kada ki kama yaran nan, rufa mini asiri suke. Ina ƙarami na sha kananzir, da manja uwata ta yi mini magani. Ban san wani abu ba sai shi. Na kashe shi, ko?"

Kokuvi ya sunne kai yana jiran saukar faɗa. Faɗan bai zo ba. Ta kama hannayen tsohon ta wanke su da sabulu, yatsa-yatsa, ta goge, sannan ta zaunar da shi kusa da tebur ta ɗora tafinsa a haƙarƙarin karen.

"Ban sani ba tukuna, Papa, kuma ba zan yi maka ƙarya ba. Man ya shiga huhu. Amma kunnenka ya fi nawa. Ka saurari numfashin nan, da ka ji ya canza, ka kira ni."

Bai ɗauke hannun ba. An kawo masa akasa, tuwon masara mai tsami, da miya, ya ƙi ci. Da la'asar ya ce, "'Yata, ya canza," ta bar abin da take ta rugo, ta sake wata allurar. Washegari zazzaɓi ya rufe karen, likita ya dawo suka haɗu a kansa. Kwanaki suka bi juna a haka, kowace safiya tana tsoron abin da za ta tarar, har ranar da Kaporal ya miƙe yana tangaɗi. Ga kwanon ruwa a gabansa, amma ya wuce shi, ya je ya cusa wuyansa ƙarƙashin hannun tsohon.

Tanti Huefa, ke ce mai faɗa a bakin ƙofa, mai tausayi a cikin ɗaki. Ke ce kika san ranar da tsawa ke ceton rai da ranar da shiru ya fi ta. Mun gode, iya godiyar da baki zai iya. Masu kare da kyanwa, ku bar kwalbar manja a madafa, ku bar maganin gona a gona, ku ɗauko dabbar ku rugo. Matasan da ke neman aikin yi, ga gurbi nan zai buɗe, kuma ba ƙaramin gurbi ba ne.

Kaporal ya rayu, amma tari bai sake shi ba, yanzu sai sun huta a hanya kafin su kai tafki. Da Papa Dansu ya ji zancen ritayar, ya sa karen ya jawo shi har asibitin.

"'Yata, in ya sake faɗuwa, wa zan kira?"

Tanti Huefa ta kwance igiyar daga hannunsa ta riƙe, ta ba shi nata hannun.

"Taso, Papa. Mu taka a hankali, Kaporal ya koyi hanyar gidana."