Raunin Baba Ƙarami Ne, Suka Ce

Ƙarfe bakwai na safiyar Talatar nan na miƙa wa Baba ƙwayarsa da ruwa, kamar kullum. Tun da aka yi masa aikin zuciya aka sa masa wani ɗan ƙarfe a ciki, yake shan maganin tsinka jini. In ɗaki ya yi shiru ana jin ƙarfen, kas, kas, kamar agogon hannu. Ni ke riƙe da katin gwajin jininsa. Yana cikin littafin waƙoƙin coci, a kan taga.

Ƙarfe tara da rabi muka ji ihu daga bakin titin Samaru. Sai ƙarar fashewar kwalba. Sai ƙaurin taya. Wani ya doki ƙofarmu.

"Ku fito! Ku bi ta baya!"

Na ja hannun Baba. Ban ɗauki katin ba. Ko takalmi ban sa ba.

A lungu na biyu muka yi karo da masu tarzoma. Ban ga fuska ba, hannu kawai na gani. Wuƙa ta shiga gefen cikin Baba ta fita. Bakin raunin bai kai tsawon ɗan yatsana ba. Na danne da ɗankwalina.

Wani mai akori-kura ya kwashe mu. Na ce babban asibitin Shika, can likitocinsa suke. An tare hanyar Shika da wuta. Ya juya, muka bi ta PZ, ya sauke mu a wani ƙaramin asibiti a Sabon Gari. Sha ɗaya saura kwata.

Mutane kwance har baranda. Nas ta ɗaga ɗankwalin, ta duba, ta manna filasta.

"Ƙarami ne. Ku koma layi!"

Na ce mata yana shan maganin tsinka jini. Ta wuce. Na gaya wa na biyu. Ya ce in kawo kati. Wane kati? Daga ina? Na faɗi sunan maganin, na faɗi launin ƙwayar. Yarinya ce ba takalmi, wa zai tsaya? Ban ce sun ƙi aiki ba. Waɗanda aka sara a ka sun fi ashirin a gabanmu. Amma sau huɗu na faɗa. Sau huɗu fa.

Sha biyu, filastar ta jiƙe. Ƙarfe ɗaya, cikin Baba ya kumbura ya yi tauri, leɓensa ya yi fari. Na kara kunne a ƙirjinsa. Ƙarfen na gudu, kaskaskas.

Ƙarfe biyu wani likita ya durƙusa ya ɗora abin awonsa. Ya ji ƙarar. Ya ɗago ya kalle ni.

"Me ya sa ba a faɗa ba? Ku kawo gado!"

Ya ce jinin ciki yake zuba, sai an buɗe. In an buɗe kuma a haka, ba zai tsaya ba. Suka yi masa allurar da ke sa jini ya kama, amma tana son awanni. Ruwan jinin da ke aiki nan take yana Shika, cikin firji. Suka ɗebi jini leda ɗaya a hannuna. Ƙarfe uku suka shiga da shi tiyata.

Huɗu da minti goma likitan ya fito. Na roƙa aka bar ni na shiga. Na kara kunnena a ƙirjinsa. Na daɗe a haka, ban ji ƙarfen ba.

Bayan kwana tara na koma gida. Wuta ba ta taɓa ɗakinmu ba. Littafin na kan taga, katin na ciki. Na zazzage kwalbar maganin a tafin hannuna. Saura ƙwaya goma sha tara.