Bajapaniyar da Ta Ɗauki Sallata

Ba na yarda da mutum da wuri. Hanya ce ta koya mini haka. Da ƙafa muka taso daga ƙasar Katsina ni da mijina, muka yi shekaru muna tsintar auduga a Sudan kafin mu samu tsallakewa. Shi bai tsallake ba, a can aka binne shi. Ni na iso Makka da gwiwar hagu wadda ba ta lanƙwasuwa, tun ranar da na faɗo daga saman motar kaya. Na zauna a Tandabawi cikin 'yan'uwa Takari, a ɗakin gwangwani da buhu. Wanki nake yi.

Bayan babban yaƙin duniya da 'yan shekaru na samu aiki a gidan wani muɗawwif, mai saukar alhazai da yi musu jagora. Alhazansa duk mutanen Jawa ne, wani tsibiri can gabas mai nisa. Shi yana waje da maza. Cikin gida uwarsa ke mulki, tsohuwa mai kaifin ido, kowa Sitti yake ce mata. Akwai kuma mai girki, Bajawiya ce da ta daɗe a Makka har Larabcinta ya fi nawa. Ita ke yi wa Sitti tafinta.

A saman soro nake wanki. Masu ruwa su hawo da garwa, ni in dirje, in shanya, in goge da dutsen gawayi. Can nake salla ni kaɗai tsakanin igiyoyin shanya, don hawa da sauka wahala ne ga ƙafata.

A shekarar aka sauke wata mata cikin Jawawa, amma ba Bajawiya ba ce. 'Yar ƙarama, fara, ta manyanta, tafiyarta ba ta da ƙara. Mai girki ta ce 'yar Japan ce. Mijinta Bajawe ne, tela, ya rasu a jirgin ruwa aka sa shi a teku. Sauran matan ba sa cin abinci da ita a faranti ɗaya. Sun tura tabarmarta bakin ƙofa, inda ake ajiye takalma. Na tambayi dalili. Mai girki ta ce sojan ƙasarsu sun kwashe mazan Jawa zuwa aikin tilas lokacin yaƙi, da yawa ba su dawo ba.

Ba ruwana, na ce a raina. Sai matar ta fara hawowa soro.

Ba ta magana. Za ta samu inuwar katanga ta durƙusa, ta zauna a kan dugaduganta, ta ɗora hannu a cinya. Sai kallo. Ba fuskata take kallo ba. Hannuna take kallo, da ƙafata, da yadda nake tashi. In na juyo sai ta sunkuyar da kai. In na koma ga wanki sai in ji idon a bayana.

Da farko na ɗauka ɓarauniya ce. Na riƙa tattara kayan mutane kusa da ni. Ko allura ba ta ɓace ba. Sai na ce to mayya ce. Na daina barin gashin da na taje a ƙasa, na karɓo rubutu a wurin wani malaminmu na Tandabawi na sha. Ba abin da ya same ni. Na gaya wa mai girki.

"Ya uhti, 'yar'uwata, haka suke," in ji ta. "Kafin yaƙi sun zo garinmu a masu aski da masu kanti, kowa yana yaba ladabinsu. Ana fara yaƙi sai ga su cikin kakin soja, sun san kowane lungu."

"To ni me za ta leƙa a wurina? Sabulu?"

"Wa ya sani? Ƙila sarkinsu yana son sanin yadda Takari ke fitar da dauɗa."

Ta yi dariyarta. Ni ban yi ba.

Ana gab da fita Mina maganar ta fashe. Wata dattijuwa cikin alhazan ta ce ta gane matar. Ta ce ta taɓa ganinta lokacin yaƙi a kan dandamali, fuska shafe da farin alli, tana yi wa sojan Japan wasa. Ta ce har a silima an nuna ta, ta mutu a gaban jama'a, washegari kuma aka gan ta a kasuwa tana sayen kifi. 'Yar wasan kwaikwayo ce, in ji ta, kuma ba wanda ya taɓa ganin goshinta a ƙasa.

Sitti ta aika aka kira ni. Tana zaune da shisharta.

"Ke Takaruniya, wurinki take wuni. Tana salla?"

"Ban taɓa gani ba, Sitti."

"Ko sau ɗaya?"

"Ni take kallo in ina yi. Ita ban ga ta yi ba."

Sitti ta ajiye bakin shishar. Ta ce kowa ya san doka, wanda ba Musulmi ba ba ya taka ƙasar Harami. In matar ba Musulma ba ce, dole ɗanta ya miƙa ta ga shurɗa, wato 'yan sanda, kafin a fita Mina, in ba haka ba aka gano, shi za a hana saukar alhazai har abada. Abin da shurɗa za su yi da ita kuwa ba wanda ya sani. Mafi sauƙi su jefar da ita Jidda, ba hajji, ba miji, ba wanda ke jin yarenta.

"Bayan azahar a kawo ta," in ji Sitti. "Ta yi salla a gabana."

Ɗakin mata ya cika. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da kumfa a hannu. Mai girki ta gaya wa matar abin da ake so, da yaren Jawa, wanda take ɗan ji. Matar ta sunkuya wa Sitti har ƙasa. Aka ba ta buta ta yi alwala daidai, ba ta tsallake komai ba. Ta fuskanci alƙibla ta yi kabbara.

Sai ta saki hannuwanta.

Ɗakin ya yi guna-guni. Jawawa duk ƙabalu suke yi, hannu a ƙirji. Sadalu namu ne, mu Takari. Matar Bajawe ina ta samo shi?

Ta yi ruku'u. Da za ta yi sujada sai ta dafa ƙasa da hannun dama, ta miƙe ƙafar hagu gefe, sandararriya kamar itace. Haka ta yi sujada, haka ta zauna. Da za ta tashi raka'a ta biyu, ta dafa gwiwa da tafi, ta karkata, ta ce "wash" a hankali. Da muryata ta faɗe shi. Ni ban ma san ina faɗa ba sai ranar.

Mai girki ta tuntsire da dariya, ta toshe baki da mayafi. Duk ɗakin suka juyo suna kallon ƙafata. Dattijuwar nan ta miƙe tana ihu da yarensu tana nuna ta da yatsa. A Sudan yara sun sha bin bayana suna kwaikwayon tafiyata, na jefe su da dutse. Ban taɓa zaton za a yi mini haka a cikin salla ba. Da ba a gaban Sitti ba ne da na mare ta.

Matar ba ta katse ba. Ta kai ƙarshe, ta yi sallama, ta share gumi da gefen mayafi kamar yadda nake yi. Sannan ta naɗe ƙafar nan lafiya lau ta zauna a kanta.

"Tambaye ta," in ji Sitti. "Ba'a take yi wa addini ko ba'a take yi wa gurguwa?"

Amsar ta daɗe, don yaren ba nata ba ne. Mai girki tana tsinta tana ba mu. Matar ta ce iyayenta talakawa ne, tana ƙarama suka ba da ita ga masu wasa. A wannan sana'a ba a yi wa ɗalibi bayani, kuma ɗalibi ba ya tambaya. Za a zaunar da kai a gefe shekara da shekaru kana kallon babba. Yadda ta ɗaga hannu, yadda ta juya wuya, inda ta ja numfashi. Ka ɗauka duka, ba ka zaɓe. Wanda ya zubar da wani abu don yana ganin ba shi da amfani, dukansa ake yi. Ta ce da haka ta fara fitowa a baiwa mai riƙe fitila, ta kai ga fitowa a uwar gida, har masu silima suka ɗauke ta. Da yaƙi ya zo aka tura ƙungiyarsu Jawa su yi wa soja wasa. Yaƙi ya ƙare, ƙungiya ta watse, garinsu ya ƙone, ba ta da wurin komawa. Telan da ke ɗinka musu kayan wasa shi ya ba ta abinci. Daga baya ya aure ta, ya ba ta kalmar shahada, ya ce sauran zai koya mata a jirgi. A jirgi ciwo ya kama shi.

"Matan nan ta so ta kalla," in ji mai girki, "amma in ta matso sai su juya mata baya. Ta ce a gidan nan mutum ɗaya ce ke salla a inda za a iya ganinta tun daga farko har ƙarshe."

"Ƙafar fa?" in ji Sitti.

"Ta ce ta ga malamarta tana yi. Ba ta san wanne ne salla wanne ne ciwo ba. Ta ɗauka duka."

Malamarta. Ni da ban san alif ba.

Dattijuwar ta sake magana, mai girki ta fassara. Ta ce kada a ruɗe mu. Wadda ta iya zama gurguwa a gabanmu za ta iya zama marainiya, za ta iya zama Musulma. Labarin ma ƙila wasa ne. Maganarta ta shige ni, don abin da nake tunani ke nan.

Sitti ta dube ni.

"Ke kika fi kowa ganinta. Me kika ce?"

"Ban shiga zuciyarta ba, Sitti."

"Ban ce ki shiga ba. Sallar nan salla ce?"

"Tawa ce. In ba salla ba ce, to ku haɗa da ni ku kai wa shurɗa."

"Kin tsaya mata ke nan?"

"Ban tsaya wa kowa ba. Abin da na gani na faɗa."

Sitti ta juya ga Bajapaniyar. Ta sa matar ta faɗi shahada, ta faɗa. Sitti ta ce harshe ya furta, gaɓoɓi sun yi, abin da ya rage ba aikin muɗawwif ba ne. Za ta fita Mina da kowa. Amma a hannuna take, in gyara mata salla, kuma in na ga wani abu in zo in faɗa.

Gyaran ya fi wanki wuya. Ba yadda zan nuna mata zaman tahiya, tunda ƙafata ba ta yi. In na zauna ta miƙe tata. In na ture ta da hannu ta naɗe, da na koma wurina ta sake miƙewa. Sai da na ɗauko muciyar wanki na ƙwala mata a idon sawu. Ta sunkuya mini, fuskarta kamar na ba ta kyauta. Daga nan ba ta ƙara miƙewa ba. "Wash" ɗin ma sai da muciya ya fita. Fatiha kuwa ashe motsin baki kawai take yi, don ba ta jin abin da nake karantawa daga inda take zama. A bayan mota, muna hanyar Mina cikin raƙuma da jakuna, na riƙa faɗa mata aya aya tana maimaitawa. Kafin mu sauka ta riƙe. Saurin ma bai kwanta mini ba.

Ranar Arfa zafi ya yi zafi. Bayan la'asar mata suka fito bakin tanti suka ɗaga hannu, kuka ya tashi ko'ina. Dattijuwar nan ta taɓa mai girki ta faɗa mata wani abu.

"Ta ce ki zuba ido yanzu," in ji mai girki. "Wai a dandamali da ido ɗaya take iya zubar da hawaye in an ce ta yi. Yau za mu ga gwaninta."

Na zuba ido. Matar tana tsaye a ƙarshen layi, hannu sama. Kowa na kuka, har mai girki. Ita fuskarta a bushe. Bakinta yana motsi da wani yare wanda ba Larabci ba, ba na Jawa ba. Ba ta kalli kowa ba. Na jira hawayen har rana ta yi ja, bai zo ba. Na rasa yadda zan ɗauki abin. Ko ta san ana kallonta ne ta hana shi, ko kuwa babu wasa a ranar. Na juya na yi tawa addu'ar, na roƙa wa mijina gafara.

Ta yi jifa, ta yi ɗawafi, ta gama hajjinta da kowa. Da motar Jidda ta zo ɗaukar alhazai matar ta hawo soro, ta durƙusa, ta kai goshi kusa da ƙasa a gabana. Na ɗaga ta da ƙarfi na ce ba a yi wa mutum haka. Ban sani ba ko ta gane. Ta sauka. Ban ƙara jin labarinta ba.

Da gida ya yi shiru Sitti ta kira ni.

"To, Takaruniya, me kika gani?"

"Ta yi Arfa, Sitti."

"Ba shi na tambaye ki ba."

"Shi na gani," na ce. Na kwashi zannuwan gado na hau sama.