Sukudireba da Littafin Aji

Baban yara makanike ne na tsofaffin motoci, a-kori-kura da jif-jif waɗanda hanyar Kagara ta gama gajiyarwa. Garejinsa rumfar kwano ce a bayan gidanmu, a Dutsen Kura. Ba ya kwance inji sai ya saurare shi. Yakan ɗora bakin doguwar sukudireba a jikin injin, ya kafa kunne a ƙotarta, ya rufe ido, sannan ya faɗi ciwon.

Wajen lokacin da wayar hannu ta fara shigowa Minna ne kunnensa ya soma mutuwa. Ni na fara ganewa, don sai in yi masa magana sau uku. Ya ce kada kowa ya ji, har yaran. "Makaniken da ba ya ji, wa zai kawo masa mota?" Maganar mutane yakan kama ta a leɓensu. Inji kuwa ba shi da leɓe.

Lokacin ina zuwa ajin yaƙi da jahilci, hannuna ya fara faɗawa. Sai muka yi dabara. In an kawo mota, ya ce wa mai ita ya je ya dawo da la'asar. Ni kuma in fito da kwanon abinci, littafin ajina a ƙarƙashin mayafi. Ya tayar da injin, ya ɗora sukudireba, in sa kunne. Ban san sunan ko ƙusa ɗaya ba, sai in rubuta abin da na sani: kamar kukan ɗan tsako. Kamar keken ɗinki da ba a sa wa mai ba. Kamar daka a gidan maƙwabta. Ya karanta, ya rubuta amsar a ƙasa, ya ɗauki sifana.

Sau ɗaya na rubuta "kamar tafasa", ya wuni a kan lagireto, tankin ruwan injin, ashe ni tafasar kunu mai kauri nake nufi, salansar hayaƙi ce ta huje. Ya ce, "Uwargida, daga yau ki riƙa faɗin abin da ke cikin tukunyar."

Shekara bakwai muna haka. Ban faɗa wa kowa ba. Matan unguwa suna tsokanata wai na tsufa ban daina bin miji gareji ba. In yi murmushi kawai. Cikin gida kuwa hira ta ƙare, sai a takarda.

Bayan rasuwarsa yara suka koma inda suke aiki da aure. Na gama takaba, rumfar tana nan, ciyawa ta fito inda baƙin mai bai zuba ba. Mota ta wuce a titi in ji ciwonta, babu wanda zan rubuta wa.

Wata Litinin da hantsi wani dattijo manomin doya daga Beji, wanda ya daɗe yana kawo mana a-kori-kurarsa, ya yi sallama. Ya ce sun yi mana addu'a a cocinsu. Sannan, da Hausarsa da ba ruwanta da mace ko namiji, ya ce, "Mama, zo ka ji motan nan. Gareji uku na je, kowa da nasa magana."

Na ce, "Baba, ni me na sani a mota?"

Ya yi dariya. "Haba Mama. Tun tuni na sani. Na taɓa dawowa ɗaukan hula, na gan ka da ƙarfe a kunne. Oga yana gyara daidai, mene ne nawa na magana?"

Na shiga na ɗauko sukudirebar da littafin. Dattijon ya tayar da injin, na bi shi da sukudireba wuri bayan wuri har gaba, kusa da fanka. Na rubuta: kamar tsakuwa a gwangwanin madara. Na miƙa littafin ta hagu, inda baban yara yake tsayawa.

Dattijon ya kau da kai, ya shiga goge gilashi.

Na dawo da hannuna, na yi ta buɗa shafukan baya har na sami irin wannan layin, da rubutuna na da, mai karkata. A ƙarƙashinsa ga hannunsa: boris na famfon ruwa, a canza, kada a taɓa inji.

Na karanta wa dattijon sau biyu. Ya ce in rubuta masa a takarda ya kai wa makanike. Na yago fallen ƙarshe, na kwafa masa yadda baban yara ya rubuta.