Sensar Giya a Motar Likita

Matata ce ta riga ni zuwa Doha. Nas ce, ta samu aiki a wani asibiti, ni kuma na tsaya a Jos da garejina, inda nake gyaran giyar mota. Da ta zauna da gindinta sai ta nema mini izinin zama, na bar wa ƙanena garejin na biyo ta. A katin da aka ba ni, wurin da ake rubuta kafil, wato wanda ya tsaya maka, sunanta ne. Ban taɓa nuna wa kowa katin nan ba sai da dole.

Aiki bai samu da wuri ba. Da safe motar asibiti ta ɗauke ta, ni in zauna a ɗakinmu na unguwar Al Muntazah, in yi shara, in ɗora tukunya. A coci, da yake a nan ranar Juma'a ake zuwa, kowa yana da abin da ake kiransa da shi, wannan mai gyaran lantarki, wancan mai gyaran na'urar sanyi. Ni kuwa mijin nas.

Wata rana ta dawo da fara'arta ta ce, "Maigida, na samo maka aiki. Likitan sashenmu yana neman bakanike."

Likitan Balarabe ne, gidansa a Al Aziziya. Yana da irin motar nan da gida ne sukutum a kan taya, da gado da madafa da banɗaki a ciki, wadda suke fita da ita sahara lokacin sanyi. Giyarta ta taɓa ƙonewa a cikin rairayi, shi ne ya sayo agogon auna zafin man giya da sensarsa, wato ɗan abin da yake jiyo zafin ya aika wa agogon, yana neman wanda zai ɗaura masa. Na je da sifanu na aro. Ya karɓe ni da kirki, ya sa aka kawo mini shayi, ya miƙa mini kwalin, ya tafi aiki.

Da na shiga ƙarƙashin motar nan, warin man giya ya bugi hancina, sai na ji kamar na koma gida. Na daɗe kwance ina duba inda zan sa sensar. Akwai kwanon da man yake taruwa a gindin giya, nan ne mafi sauƙi, kuma nan yawancin mutane suke sa wa. Akwai bututun da yake dawo da man bayan ya huce, wannan ba shi da amfani, kullum labari mai daɗi zai ba ka. Sannan akwai bututun da yake fitar da man daga giya zuwa wurin sanyaya shi. A nan man ya fi zafi, kuma da zarar giya ta fara wahala, nan ne zai fara nunawa. Na tuna motar tana da nauyi, kuma rairayi za ta shiga. Na yanka bututun fita, na sa mahaɗi, na ɗaure sensar, na ja waya zuwa gaban direba. Na tayar da mota, allurar agogon ta motsa yadda ya kamata, babu ɗigon mai ko ɗaya.

Ranar na dawo gida da baƙin mai a farce, na ƙi wanke shi sosai don ta gani.

Likita ya fita sahara da abokansa. Juma'ar da ta biyo baya, muna fitowa daga coci, wayar matata ta yi ƙara. Na ga fuskarta ta sauya. Ta ce likita yana so mu zo yanzu.

Mun tarar da shi a ƙofar gida da abokansa uku, suna zaune a inuwar motar suna shan gahawa. Ina sanye da kayan coci, farar riga da takalmin da na goge. Bai dube ni ba. Matata ya fuskanta, ya yi ta magana da Turanci da sauri. Wai da suka fara hawan tudun rairayi allurar motarsa ta tashi ta kusa kai jan layi, alhali ta abokinsa, mota iri ɗaya, tana zaune lafiya. Ya tsaya a tsakiyar hanya, iyalinsa sun tsorata, abokai suna jiransa suna dariya. Ɗaya daga cikinsu ya leƙa ƙasa ya ce ai a wurin da bai dace ba aka sa sensar, tasu duk a kwano take.

"Ke kika ce mijinki ya iya aiki," in ji shi.

Ina jin Turanci, ina kuma iya mayarwa. Na buɗe baki na ce, "Yallaɓai, allurar ba ta yi ƙarya ba. A wurin nan man..."

Matata ta taɓa hannuna. Da Hausa ta ce, ƙasa-ƙasa, "Don Allah ka yi shiru. A ƙarƙashinsa nake aiki."

Sai ta juya ta ba shi haƙuri. Ta ce ni baƙo ne, ban saba da irin waɗannan motoci ba, a yafe mini. Ina tsaye ina jin matata tana roƙa mini afuwa kamar wanda ya fasa tulu a gidan mutane. Ɗaya daga cikin abokan ya yi wata magana da Larabci, sauran suka yi murmushi. Ban san me ya ce ba, amma kunnuwana sun yi zafi.

Likita ya ɗaga hannu ya ce, "Khalas, ya isa. A mayar da ita kwano. Yalla, maza."

Na cire farar rigata na ba matata ta riƙe. Aka kawo mini kayan aiki, da singileti na shiga ƙarƙashin motar, a gabansu. Na tsiyaye man, na kwance kwanon, na huda shi, na ɗaura sensar, na toshe mahaɗin da na yi a bututu, na mayar da kwanon da man. Daga inda nake kwance ina hango ƙafafunsu da takalman matata a gefe, ita kaɗai a tsaye, ba wanda ya ce ta zauna. Sa sensa a kwano ba laifi ba ne, makanikai da yawa haka suke yi, sai dai tana jinkirin faɗa, sai man duka ya ɗau zafi kafin allura ta tashi. Na so in faɗa masa ko da wannan kaɗai, cewa in ya ga ta fara motsi a rairayi kada ya jira. Da na fito, na goge hannu, ya tayar da mota ya ga allura a ƙasa, ya ce da kyau. Na haɗiye maganata.

Muka hau tasi. Ta riƙe rigar a cinyarta, ta ninke ta, ta sake warwarewa. Sai da muka shiga ɗaki ta ce, "Na san kai ne da gaskiya."

Na ce, "Ba ki sani ba. Ba ki san komai a kan giya ba."

"Na san ka," in ji ta, sai ta fashe da kuka.

Kukan nan ya fi maganar likita ci mini rai. Na ga ashe ita ma kunyar take ɗauke da ita, kullum, a wurin aiki da a coci, tana ɓoye mini. Na zauna a bakin gado ban iya rarrashinta ba. Da kyar na ce ta kawo ruwa in wanke hannu.

Bayan wasu watanni na samu aiki a wani gareji da yake gyaran manyan motoci, aka sauya mini kati. Matata tana nan a sashen likitan har yanzu. Ta ce yakan tambaye ta ina mijinta, ya ce agogon yana aiki lafiya. Ban sake bin layin gidansa ba. In aiki ya kai ni Al Aziziya, ta bayan shaguna nake zagayawa.