Kifin Da Na Bayar Sadaka

Ban taɓa ganin teku ba, amma shekara tara na yi ina sayar da abin da ke fitowa daga cikinta. Ina da shagon kifin ƙanƙara a Suleja, mota kan kawo mini shi cikin kwalaye daga Legas.

A shekarun da mai ya yi wuya, an taɓa ɗauke wuta kwana huɗu, janaretana kuma ba gas. Na rufe ɗakin sanyi na hana kowa buɗewa. Rana ta biyar bayan azahar na shiga, iska ta turo ƙofar ta rufe. Cikin duhun nan sai na ga kifin yana haske. Wani haske ne shuɗi-shuɗi, marar zafi, kwance a bayan kowane kifi. Na shafa ɗaya, yatsuna suka ɗauka. Na sunsuna, babu wari ko kaɗan.

Na kira yayana, wanda muke sana'ar tare. Ya daɗe yana kallo.

"Wannan ba lalacewa ba ce," in ji shi. "Aljanin ruwa ne ya biyo kaya. Kada ka sayar, kada kuma ka gaya wa kowa. Fitar da sadaka, a yi addu'a."

"Yaya, in wani ya ci fa?"

"Kai ma da tsoro. Me ya taɓa tsallake wuta? A gasa shi sosai."

Na yarda, domin zuciyata ta fi son wannan bayanin. A gidanmu na unguwar Magajiya akwai wani ɗan haya, mutumin Kano, direba a Abuja. Matarsa na jego, kwana goma da haihuwar 'ya mace. Na san tana da asma, don ta katanga nakan ji tarinta. Na zaɓi manya guda shida na kai masa da hannuna. Ya karɓa da hannu biyu.

"Baba, Allah ya saka. Dama ita sai zancen kifi take."

Aka gasa mata da yaji. Ina zaune a zaure ƙamshin yana iso ni. Ba a yi awa ɗaya ba mijin ya fito ba hula.

"Baba, zo ka gani. Fuskarta ta yi ja, numfashi yana ƙi."

Daga bakin ƙofa na ji ƙirjinta yana fito kamar usur. A motar kifina muka kai ta asibiti. Ma'aikaciyar jinya ta tambayi abin da ta ci. Mijin ya ce kunun kanwa da kifi, kifin kuma mai kyau ne, daga hannun Baba. Ta dube ni. Na ce haka ne. Sai suka bi ta kan asma kawai. Kafin magariba ta cika.

Sauran kifin na binne shi a hanyar Iku.

Bayan shekaru masu yawa, jikata da ke karatun ƙananan halittun teku ta zo hutu. Ta ce yanzu ana karanta bayanan da ke cikin ƙwayoyin halittarsu, a gane danginsu da abin da kowanne ke iya yi. Na tambaye ta, kamar hira, ko akwai masu haske.

"Akwai, Kaka. Suna zaune a fatar kifi da hanjinsa tun daga teku. In sanyi ya ragu sai su yaɗu. Wasunsu na barin wani dafi a naman, ko an dafa ba ya fita. Mai asma ya fi shan wuya. Amma in likita ya san kifi ne, akwai allurar da ake yi."

"In ya sani," na ce.

Jaririyar nan ta girma, tana aure a Sabon Wuse. Duk sallah takan zo ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce babanta ya gaya mata ni na ɗauki mahaifiyarta zuwa asibiti. Uban yana nan da rai a Kano. Na karɓi kwatancen gidansa wajenta, ranar Asabar zan shiga mota.