Daga Wajen Tattasai

Shekara biyu na yi a ajin farko na lakwal, wato makarantar boko, a Diffa, kuma duk tsawon shekarun nan Apap ake kira na. Asalin sunan ba wani abin a zo a gani ba ne. Mushe, malamin ajinmu, ya ce kowa ya rubuta "papa" a ardwaz ɗinsa, ɗan baƙin allon nan da muke ratayawa a wuya. Na rubuta, na ɗaga tare da kowa. Ya zo ya tsaya a kaina ya karanta da ƙarfi: "Apap!" Aji ya tuntsire da dariya. Ni kuwa na duba na ga papa ne sarai, harafi huɗu, babu wanda ya ɓace. Na ce masa papa ne. Ya ce in miƙo hannu.

Abin da ban gane ba, shi ma bai samu sukunin lura ba saboda yara sun cika ajin har bakin ƙofa, shi ne daga dama nake farawa. Tun kafin a sa ni lakwal na daɗe ina zuwa makarantar allo a bayan gidanmu, hannuna ya saba rubutu ya taso daga dama ya gangara hagu. Sauran yara ma sun yi allo, amma cikin wata guda hannunsu ya juya. Nawa ya ƙi ƙememe. Taurin kai a gidanmu gado ne, sai dai ni har a yatsu na gaje shi.

Dokar lakwal kuwa ba ta da kwana. Sau ɗaya ake maimaita ajin farko, wanda ya sake faɗuwa a jarrabawar ƙarshen shekara sai kora. Darakta ya kira Inna ya gaya mata haka a gabana. Da ta kai wa Baba labari, ko a jikinsa. Manomin tattasai ne, gonarsa tana bakin kogin Komadugu, ya ce shanyar tattasai ma aiki ce, kuma ba a tambayar mai yin ta daga wane gefe ta fara. Ni kuwa ina son lakwal, so na haƙiƙa. Ina son ƙanshin alli, ina son in karanta abin da aka rubuta a jikin buhu da ƙofar ofis. Fiye da komai ba na son in bar wurin da sunan Apap a kaina, don na san har in tsufa da shi za a kira ni.

Wata maƙwabciyarmu, matar soja, ita ta gaya wa Inna cewa akwai wata Maser a gidan mishan da ke tara yaran da karatu ya yi wa gardama, tana koya musu da yamma a ƙarƙashin rumfar zana. Baba ya ce sam. Matar da ba ta salla, ba ta da miji, ba ta da ɗa, me za ta koya wa ƴarsa? Inna ba ta yi musu da shi ba. Kwana uku tana kawo masa abinci ba ta ce masa uffan ba, a na huɗu ya ce to, amma da sharaɗi: shi da kansa zai kai ni, zai zauna ya ji duk abin da za a faɗa, kuma ranar da aka ambaci addini ranar ce ta ƙarshe.

Mu duka mun ɗauka Maser sunanta ne. Sai da na kai manyan azuzuwa na gane da Faransanci ma'anarsa ƴar'uwata, wato shekara da shekaru garin nan duka, har dattawa masu rawani, ƴar'uwa suke kiran ta ba su sani ba. Na zaci zan ga Baturiya. Sai na tarar da baƙar mace gajera, mutumiyar wata ƙasa ta can bakin teku, da lulluɓi mai ruwan toka da tabarau da aka ɗaure ƙafarsa guda da zare. A Damagaram ta koyi Hausa, kuma ta iya, sai dai muryar kalma takan kuɓuce mata. In ta ce wa yaro ya bar kuka, sai ka ji kamar bishiyar take nufi.

Ranar farko Baba ya shimfiɗa buzunsa a bakin rumfa, ya ciro carbi, ya haɗe rai. Maser ta durƙusa ta gaishe shi, ta tambayi gona da ruwan kogi, sannan ta ce in rubuta papa. Na rubuta ina jiran dariya. Ba ta ko kalli ardwaz ɗin ba, hannuna take kallo.

"Sake," in ji ta.

Na sake.

"Wa ya fara koya miki rubutu?"

"Malam."

"To, ni ba wanda ya koya mini irin nasa. Za ki koya mini?"

Na waiga na dubi Baba. Carbi ya tsaya a hannunsa. Na ce mata ba zan kawo allona ba, don ba a taɓa shi sai da alwala. Ta ce gaskiyata, a ƙasa ma ya isa. Na share yashi da tafin hannu na zana mata alif, ba, ta. Ta gyara tabarau, ta miƙa yatsa, ta fara kwaikwayo daga hagu.

Ban san lokacin da na daka mata tsawa ba. "Ba haka ba ne! Daga nan ake farawa!"

Ta share ta sake, hannun ya sake komawa hagu. Ta dube ni ta ce, "Ashe ni ma Apap ce."

Daga bakin rumfa na ji wani abu ya kuɓuce wa Baba ta hanci, ya yi maza ya mai da shi tari.

Har yau ban sani ba ko da gangan ta yi kuskuren nan. A lokacin na rantse wauta ce kawai irin ta manya, kuma na ji daɗi ƙwarai da na samu wanda ya fi ni. Ta tashi ta je wurin Baba. Shi kullum ba ya rabuwa da busasshen tattasai biyu ko uku a aljihu, don nuna wa fataken da ke zuwa daga Najeriya. Ta ce, "Baba, a taimaka mini da guda." Ya ba ta yana kallon ta a kaikaice. Ta zare zare daga bakin lulluɓinta, ta ɗaure tattasan a hujin da ke kusurwar hagu ta ardwaz ɗina.

"Rubutun Malam daga dama yake, daidai ne, kada ki taɓa shi," in ji ta. "Na mushe kuwa, daga wajen tattasai."

Shi ke nan darasin. Ba ta ce hannuna ya yi laifi ba, ta dai nuna masa cewa hanya biyu ce. A kan hanyarmu ta komawa gida da muka kusa kasuwa Baba ya ce, "Malam Maser nan, ya iya dabara." Hausar Baba ta Barebari ce, ba ruwanta da mace ko namiji, kowa "ya" ne, kowa "ka" ne. Haka ya ci gaba da kiran ta Malam Maser, ita kuma ba ta taɓa gyara masa ba.

Mako uku ya yi yana raka ni. Abin da yake jira bai zo ba. Abin da ya gani kawai shi ne in an kira la'asar takan ajiye alli, ta nuna mana butoci biyu da ta tanada a gindin rumfa, ita kuma ta koma gefe ta zauna har mu idar. A mako na huɗu ya ce ban ruwa ya yi masa yawa, in riƙa tafiya ni kaɗai.

Kada a ɗauka daga nan komai ya miƙe. In ina kallon tattasai, lafiya lau. Da hankalina ya tafi wani wuri, sai in farga na yi rabin layi daga dama. Wata rana haushi ya kama ni na yi jifa da ardwaz har ya tsage a gefe. Maser ta ɗauko, ta busa yashin, ta gyara ƙullin zaren, ta ajiye a gabana, ta wuce wurin wani yaro. Haƙurinta yakan ba ni haushi fiye da bulalar mushe, don bulala kana iya yin fushi da ita. Ita kuma duk ƙarshen darasi sai ta ce saura nata, mu share yashi in koya mata harafi ɗaya. Ɗaliba ce mai naci, amma kai, ba ta da hannu.

Zafi ya shigo, kogi ya ƙafe sai ƴan tafkuna, jarrabawa ta matso. Saura kwana biyu mushe ya sanar cewa ba da ardwaz za a yi ba. Takarda za a raba, kuma ba ya son ganin komai a kan tebur sai fensir. Wato babu inda zan ɗaura tattasai. Da yamma na gaya wa Maser, ta ce hannuna ya riga ya san hanya. Na ce mata ita ba ta san hannuna ba. Na koma gida ina kuka, na ƙi cin tuwo, na gaya wa Inna dalili da ƙarfi yadda duk gidan zai ji.

Ranar jarrabawa da safe na ɗauki fensir zan fita, Baba ya kira ni daga zaure. A gabansa akwai ɗan murfin kwano da garin tattasai a ciki, ya ɗiga masa mai ya kwaɓa.

"Miƙo hagu," in ji shi.

Na tsaya. A gidanmu ba a taɓa miƙa wa Baba hagu ba, balle a kusantar da ita da abin ci. Ya kamo hannun da kansa, ya dangwalo kwaɓin da yatsa, ya shafa mini jan tabo a bayan babban yatsa, ya hura har ya kama.

"Ka ɗora shi a gefen takarda. In mushe ya tambaya, ka ce lalle ne."

Mushe bai tambaya ba. Na danne takarda da hagu, na fara kowane layi daga wajen jan tabon. Ban zo ta ɗaya ba, ban ma kusa ba, amma sunana ya fito a cikin waɗanda suka wuce. Da na kai wa Maser labari, har da dabarar Baba, na nuna mata hannun, ta riƙe shi ta daɗe tana kallo, sannan ta cire tabarau ta goge da bakin lulluɓi. Ta ce in gaya wa Baba ya fi ta iya koyarwa.

Ta yi shekaru masu yawa a Diffa bayan wannan. Shekarun da yajin aiki ya rufe lakwal, rumfarta ba ta rufe ba, sai ma aka ƙara mata zana. Daga baya matan unguwa suka fara zuwa da safe, har Inna ta koyi karanta katin asibiti a wurinta. Mobilet ɗinta, ɗan babur ɗin da take hawa, ya tsufa ya mutu, ta koma tafiya a ƙasa da lema. Ban taɓa jin ta yi maganar danginta ba, sai sau ɗaya da ta ce a garinsu ruwan sama yakan kwana uku bai ɗauke ba, muka ce ƙarya ne. Duk shekara in an gama shanya Baba yakan cika ƴar jaka da zaɓaɓɓen tattasai ya ce a kai wa Malam Maser.

Lokacin da na gama karatu na dawo garin ina koyarwa, idonta ya riga ya yi rauni, sai ta kai takarda kusa da hanci. Ba a daɗe ba manyanta suka kira ta gida ta huta. Mun raka ta tasha da safe, ta shiga motar Damagaram da akwati ɗaya da jakar tattasan Baba a cinya. Na yi niyyar in faɗa mata abubuwa da yawa, amma abin da ya fito daga bakina shi ne ta kula da tabarau. Wannan yana damuna har yanzu.

Bayan kamar shekara biyu wata maser da ban sani ba ta zo lakwal tana nema na. Ta ce tsohuwar ta rasu a ƙasarsu, cikin kwanciyar hankali, kuma ta bar saƙo a kawo mini. Littafin rubutu ne irin na ƴan lakwal, bangonsa ya koɗe. Na buɗe a tsaye a bakin aji. Shafi bayan shafi, alif, ba, ta, har zuwa ƙarshen baƙaƙe, wasu an soke an sake. A saman kowane shafi, a kusurwar dama, ta zana ɗan tattasai da jan biro. A shafin ƙarshe sunana ne da ajami, manyan haruffa masu rawa, irin na wanda ba ya gani sosai.

Na kai wa Baba da yamma. Ya tsufa shi ma, amma ajami ba ya ba shi wuya. Na gaya masa rasuwar, ya karɓi littafin da hannu biyu. Ya bi shafukan ɗaya bayan ɗaya bai tsallake ko guda ba. Da ya kai na ƙarshe ya ɗora yatsa a kan jan tattasan, ya ja shi a hankali zuwa hagu, ya karanta sunana a fili.

"Ya iya," in ji shi. "Malam Maser ya iya."

Na miƙa hannu in karɓa, bai sake ba. Ya ce in bar masa shi ya kwana biyu a wurinsa.